Jan Geron Chadi

Ku yi mini afuwa tun kafin ku shiga. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na mutane kawai na iya, shi ma a lungu. Akwai masu hannu da ya kamata a ce su suka ɗauki wannan, amma ba su san shi ba, ni kuwa ya hana ni sakat. Inda kuka ga na yi tuntuɓe ku tsallake, don Allah kada ku nuna wa kowa wurin.

*

Damina ta makara a shekarar, har mutanen Birnin Kudu sun fara fita roƙon ruwa. Ranar wata Litinin da la'asar sama ta saki. Kafin gari ya waye duk mai ƙafa ya saɓi sungumi ya nufi gona. A wannan hantsin ne aka tarar da gorar Chadi babu ko ƙwaya, a siton wata 'yar kwalejin koyon aikin gona da ke gindin duwatsu.

Sai na ɗan yi bayani. Kwalejin ce za ta karɓi babban taron Tarayyar Ɗaliban Aikin Gona ta Ƙasashen Sahel, inda ake zaɓen shugabanni a kuma gyara dokoki. Wata da watanni kwamitin ɗalibai na fama da gayyata, da masauki, da neman mai fassara Faransanci. Su kuma 'yan tarayyar nan ba sa zaɓe da takarda. Kowace ƙasa gora take zuwa da ita, cike da irin shuka na gida. Ranar zaɓe wakilinta ya ɗebi tafi guda ya zuba a ƙwaryar wanda yake so, ragowar a raba wa baƙi kowa ya kai ƙasarsu. Ƙasar da ba ta da iri ba ta da baki a zauren, kujerarta ma kifa ta ake yi.

Wakilin Chadi, Ƙasimu, shi kaɗai ya zo, kuma ya riga kowa don tsoron hanya. Jan gero ya kawo, na gonar kakarsa. Yanzu ga shi tsaye yana girgiza gorar a kunnensa kamar zai ji wani abu.

Iliyasu, shugaban kwamiti, ya share gumi ya ce, "Makulli biyu ne. Ɗaya nawa. Ɗayan na wa?"

Kowa ya san na wa ne. Kulu ce mai kula da abinci da sito, kuma tun asuba ta tafi Sara, garinsu, sayo kaji. Kafin ta dawo da azahar an gama yanke mata hukunci a bakin famfo.

Da ta iso Iliyasu ya ce, "Asabar za a buɗe taro. In ba a ga geron nan ba, sunan wani zai je ofishin shugaban makaranta. Kuma kora ce, ba jan kunne ba."

Kulu ta dire kwandon kaji. "To a kai nawa mana, Kwamared, tunda shi ya fi sauƙin rubutawa."

Daga can bayan mutane wata siririyar murya ta ce, "A ba ni zuwa Asabar."

Aka waiwaya. Ummussalma ce.

*

Mahaifin Ummussalma, marigayi Malam Buba na Surko, mai bin sawu ne. In an kore wa mutum shanu shi ake kira, ya duƙa ya karanta ƙasa har ya kai ga inda aka ɓoye su. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya riƙa jan ta. Abin da ta gada ke nan, da wata ɗabi'a da ta raba ta da mutane: in ana yi mata magana, ƙafar mutum take kallo, ba fuskarsa ba. A kwaleji 'Yar Sawu ake ce mata. In ta zauna a benci, sai waɗanda ke kai su tuna suna da uzuri.

Kulu ce kaɗai ba ta damu ba. Wata rana ta zo ta ajiye kwanonta a gabanta ta ce, "Ummu, ga ƙafata, kalle ta ki ƙoshi, sannan mu ci abinci." Tun daga ranar kwano ɗaya suke ci. In aka kori Kulu, Ummussalma ta san abin da ya rage mata a makarantar nan: laburare da bango.

Shi ya sa ta yi magana. Ba don Chadi ba.

'Yan kallo sun tattake ƙofar siton ta koma kamar masussuka. Sai a jikin bango, inda ba wanda ya bi, ta ga 'yan lotsawa a jere, kamar an danna ƙasa da diddige tsirara. Babu yatsu, babu tafin ƙafa. Ta daɗe a tsugune, ta ce a ranta wani ne ya taka da diddige don gudun taɓo. Ta bar su. Ƙarƙashin taga kuwa ga sawun takalmi sau-ciki, sabo fil, mai zanen taurari.

*

Mutum ɗaya ke sa irin takalmin. Badamasi ne, ɗan wani mai motocin haya da ke jigilar Kano, wanda Najeriya ta tsayar takarar shugabancin tarayya. Kuma ba ɓoyayye ba ne cewa 'yar takarar Nijar Ƙasimu zai zuba wa.

Ummussalma ta sami Badamasi yana manna hotonsa a jikin darbejiya.

"Ka je tagar sito jiya?"

"Ke, ɗago ki dube ni mana. Da ni kike ko da takalmina?"

"Shi ya riga ya ba ni amsa."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Na je. Soket ɗin sola ɗaya ne a makarantar nan, kuma yana jikin tagar, sakata ta lalace tun bara. Na zura hannu na jona waya. Rabin makaranta haka suke yi, har Kwamared ɗinku. Ni ina ruwana da gora? Da na ga dama sai in saya wa Chadi buhu guda."

"Na kasuwa ba ya zaɓe."

"To ai shi ne. Mutum ya zo taron ƙasa da ƙasa da abincin tattabaru." Ya rage murya. "Af, kin leƙa akurkin Baba Gwadabe kuwa?"

Sawunsa ya zo taga, ya tsaya, ya koma. Gorar kuma a ƙuryar ɗaki take, hannu ba ya kai mata. Amma ba wanda ya jira wannan bayanin. Wakilan Nijar na isowa suka ji labari, suka ce lallai a cire Badamasi daga takara.

Baba Gwadabe maigadi ya ji zancen kafin ta je. Ta same shi a bakin get ya buɗe akurkin tattabarunsa, ya wasa wuƙa ya ajiye.

"Zaɓi wadda kike so, 'yar Malam Buba. A yanka, ki buɗe ƙundunta."

"Haba Baba, gaisuwa na zo."

"Gaisuwa ce ta sa aka ce in kawo makullin get ranar Asabar?" in ji shi. "Na san ubanki. Bai taɓa nuna mutum da yatsa ba sai ya tabbata. Ki tabbata, 'yar nan, amma ki yi sauri."

Tsabar da ke akurkin dawa ce da farin gero. Ta fito ba ta iya yi masa sallama ba.

*

Baƙi suka yi ta sauka, daga Mali, daga Kamaru, daga Sudan, kowa da gorarsa a hammata ya ƙi yarda a kai sito. A ɗakin cin abinci kowace ƙasa ta kama teburinta tana ƙus-ƙus. Wani sabon zance ya fito, wai Ƙasimu da kansa ya sayar da geron ya zo yana neman tausayi.

Ummussalma ta same shi shi kaɗai a bayan ɗakin taro, da kwanon shinkafa bai taɓa ba. Hausarsa ta kasuwar Injamena ce, tana da ƙamshin Larabci.

"Su ma sun ce ni ne, ko? Wallahi 'yar'uwa, ɗalibai ne suka haɗa mini na mota. Sun ba ni magana in faɗa a zauren, a kan tallafin karatu da aka hana mu. Yanzu in koma in ce musu me? An kifa kujera?"

"Wa ya san irin geron da ke cikin gorar?"

"Wa ya tambaya? Mutum ɗaya ce ta taɓa zama ta yi hira da ni, mai abincin nan. Na ce mata geron kakata ba ya jiran damina ta cika, ko ruwa ya ɗauke da wuri shi ya riga ya nuna. Tsironsa ma ja ne a gindi, kamar an sa masa lalle." Ya ɗan yi murmushi. "Ta ƙara mini nama."

Ummussalma ta ji daɗi a ranta. Halin Kulu ke nan, duk inda maraya yake sai ta gano shi.

*

Safiyar Juma'a ta koma sito don ba ta da inda za ta je. Ba ta da komai a hannu, gobe kuma Asabar.

A jikin bango ta tsaya cak.

A cikin kowace lotsawar diddigen nan da ta raina, tsiro ya fito, cunkus-cunkus, siriri kamar allura. Ta tsuguna ta tone gindin ɗaya da farce. Ja ne.

Nan take ta ga abin kamar a gabanta aka yi. An juye geron a wani buhu mai huda. Yana zuba ana tafiya. Mai ɗauke da shi ya ankara, ya so ya ɓatar da shaida. Da ɗan birni ne, da ya share, ko ya watsar da ƙafa kaji su tsince. Wannan kuwa ƙafarsa ta yi abin da ta saba tun yarinta: ta jawo ƙasa ta rufe, ta danna da diddige, kamar yadda ake bin mai sungumi a gona. Ya zo ɓoye gero, sai ya shuka shi.

Kuma diddigen hagu ne. Siriri, mai faso ɗaya a gefe.

Ta bi tsiron da ido. Ya bi bango, ya karya kwana, ya ƙare a ƙofar baya ta madafa.

Ta san diddigen. An taɓa miƙo mata shi an ce ta kalla ta ƙoshi.

*

Ta hau motar Gwaram mai bi ta Sara ba ta gaya wa kowa ba. Hagu da dama gonaki sun yi baƙi da danshi, mutane a duƙe. Duk hanya tana roƙon Allah Ya sa ta yi kuskure.

A Sara aka nuna mata gonar Inna Talatu, mahaifiyar Kulu, a bayan gari. Tun daga nesa ta hango layuka sun fito ras, gindinsu ja.

"Ke ce Ummu! Kulu ba ta da zance sai naki. Zauna, 'yar nan, ga fura." Tsohuwar ta goge hannu a zane. "Kin zo ganin geron makaranta? Allah Ya yi musu albarka. Bara ruwa ya cinye mini gona, ɗan irin da na ɓoye kuma ƙwari suka mai da shi gari. Ga damina ta makara, na maƙwabta da zan roƙa mai daɗewa ne, ba zai kai ba. Na zauna na zuba wa Allah ido. Sai ga Kulu da sassafe da buhun gishiri, ta ce makaranta ke raba wa iyaye. Tare muka shuka kafin ta tafi neman kajinta."

Ummussalma ta sha furar.

"Duka kuka shuka, Inna?"

"Wa ke shuka duka? Ai sai an rage na cike gurbi." Ta kwance bakin zanenta, ga jan gero ɗan cikin tafi.

"Malamai na son su ɗan duba shi," in ji Ummussalma. Ba ta taɓa yi wa babba ƙarya ba sai ranar.

"Ungo mana. Ki ce musu wata tsohuwa tana gaishe su."

*

Kafin magariba Ummussalma ta sami Kulu a madafa tana fige kaji, ita kaɗai. Kulu ta dubi jar ƙasar da ke silifas ɗin ƙawarta, ba ta ɗago ba.

"Kin je Sara."

"Na je."

"Inna ta ba ki fura?"

"Ta ba ni."

"Kuma kika sha."

Ummussalma ta tsuguna kusa da ita.

"Kulu, ki faɗa da bakinki. Zai fi sauƙi."

"Me zan faɗa? Gero ne za a watsa a ƙwarya a yi tafi, a raba wa waɗanda za su manta shi a aljihun jaka. Ni kuma uwata tana kallon gona fili." Ta tsoma kaza a ruwa. "Ki ce ba ki ga komai ba, Ummu. Ai ba wanda ya yi zaton za ki gani. Su yi ta zargin juna har taro ya watse."

"Za su karɓe makullin Baba Gwadabe."

"Zai sami wani get ɗin."

"Ba zai samu ba, kin sani."

Sai yanzu Kulu ta ɗago. "Ni kaɗai gare ki fa."

"Na sani."

*

Safiyar Asabar, ana gwada lasifika a zaure, Ummussalma ta ce a tara mata su a bangon sito: Iliyasu, Badamasi, Baba Gwadabe, Ƙasimu, Kulu. Wakilan Nijar ma suka biyo, ba a gayyace su ba.

Ta nuna tsiron. Ƙasimu ya durƙusa, ya taɓa ɗaya da ɗan yatsa. Ta yi bayanin buhu mai huda, da diddige, da yadda ƙafar da ta saba shuka ke yi ba da shawarar mai ita ba.

"Badamasi bai taɓa bin sungumi ba," in ji ta.

"Alhamdu lillahi, yau rashin noma ya yi mini rana," in ji Badamasi.

"Baba kuma diddigensa ya ninka wannan, kuma da dama yake dannawa."

Iliyasu ya ce, "To wa ye?"

Ta jira. Ta ba Kulu lokaci ko za ta faɗa da bakinta. Kulu na kallon duwatsu, ta harɗe hannu.

A karo na farko tun zuwanta makarantar, Ummussalma ta ɗaga kai ta dubi mutum a fuska.

"Kulu ce."

Kafin hayaniya ta tashi ta kwance bakin mayafinta ta miƙa wa Ƙasimu ɗan ƙullin. "Ga abin da ya rage, ya isa ƙuri'a. Sauran yana ƙasa, a gonar wata tsohuwa da ta rasa iri. Ba ta san na sata ba ne. Ta ce a gaishe ku."

Badamasi ya fara: an ɓata masa suna a gaban ƙasashe, sai an kai ƙara, sai an kori yarinyar nan. Iliyasu ya ɗaga hannu ya ce dokar tarayya ta bar ƙara a hannun mai iri. Duk aka juya ga Ƙasimu.

Ya daɗe yana juya ƙwayoyin a tafinsa. Sannan ya dubi Kulu.

"Ya fito da kyau?"

Ummussalma ce ta amsa, "Ko gurbi ɗaya ban gani ba."

"Kakata ta rasu bana. Ba ta taɓa fita daga ƙauyenmu ba." Ya ƙulle hannunsa. "Ba ni da ƙara. Da kaka a cika gorar nan a raba wa ƙasashe kamar yadda aka saba. Amma 'yar'uwa, kin zauna kin ji suna cewa ni na sayar, kina zuba mini shinkafa. Wannan ba zan ce bai yi mini ciwo ba."

Iliyasu ya miƙa hannu, Kulu ta zare makullin sito daga wuyanta ta sa masa. Ya ce ta ba Baba Gwadabe da Badamasi haƙuri a gaban jama'a, kuma ba ita ba kwamiti. Maganar ofis ba ta sake tashi ba. Baba Gwadabe ya juya ya koma get ɗinsa yana goge ido da hula.

Da za ta wuce, Kulu ta tsaya daidai kafaɗar Ummussalma. Ba ta yi tsawa ba, ba ta yi kuka ba. Cikin ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo, ta ce, "Sannu da aiki, Malama Ummussalma."

Ta wuce madafa.

*

Zauren ya cika. An ɗaga kujerar Chadi. Ƙasimu ya faɗi maganar da aka aiko shi da ita, mai fassara na binsa, aka yi ta tafi. Da aka zo zaɓe ya tafi gaban ƙoren, ya buɗe tafinsa, jan geron ya zuba da 'yar ƙara.

Ummussalma na tsaye a bakin ƙofar baya. Kulu za ta gama karatunta, abin da ta nema ke nan tun farko, kuma ta samu. Ta yi ta maimaita wa kanta hakan.

Iliyasu ya karɓi lasifika ya ce kafin a ci gaba akwai wata 'yar'uwa da taron nan ya kamata ya miƙe tsaye ya gode wa. Mutane suka fara waige-waige.

Ta riga ta fita. Ta zaga bayan zaure, ta cire silifas ta riƙe a hannu, ta hau kan falalen dutse, inda ƙafa ba ta barin komai.